Kaɗanyar Inna Zaliha

Na sha jin kuna cewa an cuce ni a filin Tungar Mai Tandu. Ke Hadiza a gabana kika faɗa, kai kuma Sani a bayan idona, amma maganar ta iske ni. To, ba wanda ya cuce ni. Marigayi Zakari da ya sayar mini da filin bai ɓoye mini komai ba, kuma tun da ƙasa ta rufe masa ido ba zan bari sunansa ya riƙa yawo a bakinku a matsayin macuci ba. Abin ya faru ne a shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato da daminar da ta biyo baya, lokacin wasunku suna rarrafe, wasu ba a ma haife su ba.

A lokacin ina malamin dabbobi a Sakkwato. Da aka yi sabuwar jiha sai aka ce kowane ma'aikaci ya koma inda asalinsa yake. Mahaifina mutumin ƙasar Bagudo ne, amma ni a Sakkwato aka haife ni, can na girma, kuma ban san Bagudo ba sai idan an yi rasuwa mun je gaisuwa. Aka riƙa loda tebura da kabad-kabad a manyan motoci, har kujerun ofis sai da aka raba. Abokan aikina kowa hankalinsa na Birnin Kebbi, wanda ya samu fuloti ko a bayan gari ne sai ya zo yana ba da labari kamar ya dawo daga Makka. Ni kuwa na roƙi a tura ni wajen Illo, bakin iyakar Benin. Mai rubuta sunaye ya ɗaga kai ya dube ni, ya tambaye ni ko laifi na yi. Na ce masa a'a, shanu gare ni.

Shanun gadon mahaifina ne, kuma su kaɗai ya bar mini. Suna can wajen Illo a hannun wani Bafulatani mai suna Dikko, wanda ubansa ya yi wa ubana kiwo. Da rani ba su da matsala, suna fadamar kogi suna cin ciyawar burgu. Da damina ne ake wahala: ruwa ya cika fadama, gonaki su cinye tudu, sai Dikko ya kora su ƙetaren iyaka, cikin dajin da tsofaffi har yau suke kira Dahome. Can akwai ciyawa, amma akwai ƙudan tsando, shi ke sa musu sammore, ciwon da ke ramar da saniya a hankali har ta kwanta. Duk kaka idan sun dawo sai Dikko ya zo Sakkwato da 'yar jaka, ya zazzage mini wutsiyoyin waɗanda suka mutu, don haka ake yi, kada mai shanu ya yi zaton an sayar. Ban taɓa zarginsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, ni da nake yawo da allura ina warkar da shanun mutane, nawa suna mutuwa a dajin da ban taɓa takawa ba. Saboda haka na ƙudura in sayi fili, in kewaye shi da waya, in tara ciyawa, shanun ubana su yi damina a inda idona ke ganinsu. Wannan shi ne dukan abin da ya kai ni can.

Gida na fara saya. Na wani Bayarabe ne mai shagon magani, Kirista, ana ce masa Baba Sunday, wanda ya yi shekaru a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Shi ma Birnin Kebbi zai koma, ya ce sabuwar jiha sabon ciniki. Cinikinmu bai ɗauki wuni ba. Ya zagaya da ni ɗaki-ɗaki, ya nuna mini inda kwano ke yoyo ba tare da na tambaya ba, ya miƙa mini makullai. Akwai wani mangwaro a tsakar gida, na tambaye shi a kansa.

"Malam, abin da ke cikin katangan nan duk naka ne," in ji shi. "Mangwaro kuwa ka yi haƙuri da shi, ba ya zaƙi sai ya nuna sosai."

Na ambaci mangwaron nan ne don ku gane da wane tunani na je sayen fili. A Sakkwato haka na sani, a gidan Baba Sunday haka na gani: wanda ya sayi wuri ya sayi abin da ke tsaye a kansa.

Filin na Zakari ne, gadon ubansa, ya daɗe ba a noma shi ba saboda 'ya'yansa sun koma kamun kifi. Cikin rani muka je, ni da shi da wakilin mai gari da liman. Muka bi iyaka da ƙafa: daga wani babban suri zuwa layin gamba da kakansa ya dasa, daga nan zuwa busasshiyar ƙorama, sai wani lungu na fako mai tsakuwa a gabas inda ko ƙaya ba ta fitowa sosai. Tsakiyar filin kuwa cike yake da itatuwan kaɗanya manya-manya. Na tsaya ƙarƙashin ɗaya na ce inuwa ta yi. Zakari ya ce ta yi ƙwarai. Liman ya yi addu'a, aka raba goro, aka watse. Ba wanda ya ce mini komai game da itatuwan, kuma daga baya na gane dalili. A ƙasar nan ba a gaya wa mai sayen fili cewa kaɗanya ba ta cikin ciniki, kamar yadda ba a gaya wa mai sayen kwalekwale cewa kogi ba ya ciki. Kowa ya sani. Ni kuma da suka ji sunan ubana, sai suka ɗauke ni ɗan gida.

Na je Birnin Kebbi na samo takarda mai hatimin sabuwar jiha. Na sayo waya mai ƙaya a Kamba, aka kafa dirkoki, aka ja layi huɗu, aka yi ƙofa da kwaɗo. Mutanen gari suna wucewa suna kallo suna cewa sannu da aiki. Da ruwan farko ya sauka Dikko ya kawo shanun ya zuba su ciki. Bai ji daɗi ba, ya ce saniya ba kaza ba ce da za a kulle ta, amma ya yarda ya kafa bukkarsa a bakin ƙofa. Ranar na daɗe a jingine da dirka ina kallonsu suna kiwo. Ban taɓa jin na mallaki wani abu a duniya kamar ranar ba.

Ba a daɗe ba kaɗanya ta fara zubar da 'ya'ya. Wata safiya na iso a kan babur na tarar da mata jere a bayan waya, da ƙwarya da kwanduna, wasu da goyo. Ba su yi hayaniya ba. A gabansu akwai wata tsohuwa 'yar ƙarama, busasshiya, tana riƙe da waya da hannu ɗaya tana kallon shanuna suna cin 'ya'yan kaɗen da suka faɗo. Na gaishe ta. Ta amsa da Dandanci, yaren mutanen bakin iyakar, sannan ta juya harshe zuwa Hausa.

"Kai na malamin shanu?"

"Ni ne, Inna."

"Buɗe muna. Rana tana yi."

Na ce mata fili nawa ne, na saya daga hannun Zakari. Ta ce ta ji, Allah ya sa albarka, Zakari ɗan wanta ne. Sai ta sake cewa in buɗe. Na ce ban gane ba.

"Ƙasa taka ta, ɗana, ba ni da magana. Itace nawa na. Uwata tab bar min, ita kuma uwatta."

Ita ce Inna Zaliha. A Tungar Mai Tandu aka haife ta, aka yi mata aure a wani ƙauye a ƙetaren iyaka, kuma tun tana amarya duk damina take takowa da ƙafa ta tsinci kaɗenta. Matan da ke bayanta 'ya'yanta ne da jikoki da matan 'ya'ya, rabi daga can, rabi daga nan cikin gari. Ƙwarar da suka tsinta su dafa, su shanya, su daka, su fitar da man kaɗe, su kai kasuwar Illo. Da shi suke miya, da shi suke shafa, da shi suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Ban buɗe ba ranar. Na ce sai mun je gaban mai gari.

Mai gari dattijo ne mai sanyin magana, yana sauraro yana murza carbi. Aka kira Zakari. Da aka gaya masa abin da ya faru sai ya riƙe baki, ya rantse bai taɓa tunanin akwai ɗan ƙasar Bagudo da bai san wannan ba. Ya ce ta yaya zai sayar da abin gwaggonsa tana raye? Na fito da takardata. Mai gari ya karɓa da hannu biyu, ya duba hatimin, ya yaba kyansa, ya mayar mini.

"Malam, takardarka ba ta yi ƙarya ba," ya ce. "Hili naka na. Itace na mata na. Haka munka iske, haka Turawa sunka iske, kuma ban ji an ce sabuwar jiha ta zo da sabuwar kaɗanya ba."

"To ranka shi daɗe, yaya za a yi?"

"Ku biyu za ku san yadda za a yi. Ni dai na faɗi na kowa."

Na fara da abin da na ga ya fi sauƙi. Na ce Dikko ya riƙa buɗe musu ƙofa da sassafe su shiga su tsinta. Aka gwada, abin bai yi ba. Kaɗe yana faɗowa ne a hankali, dare da rana, shanu kuma suna sonsa. Kafin matan su iso sun cinye na ci, sauran sun tattake shi cikin taɓo da kashi. Matan su fito da ɗan abin da bai wuce gindin kwando ba. Lokacin zubar kaɗe kuma shi ne daidai lokacin da shuka ke tasowa, lokacin da nake bukatar shanun a kulle. Da a ce da rani yake zuba, da ba ku taɓa jin labarin nan ba.

Sai na ce bari in sayi itatuwan. Na sami Inna Zaliha a gidan Zakari, inda take sauka, na yi mata maganar cikin ladabi. Ba ta yi fushi ba. Ta ɗauki sandarta ta ce in biyo ta. Muka shiga filin, ta riƙa tsayawa gindin kowace itaciya tana dafa ta. Wannan ta Hassi ce, 'yarta ta fari. Waccan mai reshe a karye ta Lamisi ce, wadda mijinta ya rasu. Waɗancan biyun na tagwayen Hassi ne. Haka muka yi ta tafiya har muka zo wata matashiya a bakin ƙorama.

"Wagga ta ɗiyar Mariya ta."

"Wace ce ɗiyar Mariya, Inna?"

"Ba a haihe ta ba tukuna. Cikin na wata shida."

"In kuma namiji ne fa?"

"Sai ta jira ƙanwatai."

Ta dube ni ta ce to wacce a ciki nake so ta sayar mini, ta je ta tambayi mai ita. Na ce ta bar shi.

Saura hanya ɗaya, kuma ba ni na fara kawo ta ba. Wani abokin aikina da ya zo daga Birnin Kebbi duba allurar rigakafi ya ji labarin, ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce takarda tana hannuna, tsohuwar ma ba 'yar ƙasar nan ba ce yanzu, wace kotu za ta je? In kira masu gatari daga wani gari, kafin mako ya zagayo an gama, in ma sayar wa masassaƙa su yi turame. Ba zan ce muku maganar ba ta shige ni ba. Na kwana biyu ina juya ta, har na koma wurin mai gari na tambaye shi a kaikaice me zai faru idan mutum ya sare itace a filinsa.

"Ba kowa za ya kai ka ƙara," ya ce. "Amma shanu dabbobi na, Malam, waya kuma tana tsinkewa. Ranar da sunka hwaɗa gonar wani, nan za a zamna, kuma mutanen ga su za su yi shaida."

Bai ɗaga murya ba, har ya sa aka kawo mini fura.

A gida kuma akwai mahaifiyarku. Ita 'yar birnin Sakkwato ce, ba ta so zuwa ƙauyen ba tun farko, amma da muka zo matan gari sun karɓe ta. Kullum gidan cike, wannan ta kawo kuka, waccan ta zo kitso, wata ta ɗauki Sani ta goya. Tun ranar da aka tsaya a bayan waya ƙafa ta fara ɗaukewa. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ƙi amsa gaisuwarta. Kawai dai aka yi suna a maƙwabta, ta ji guɗa ta katanga, ba a aiko mata ba. Ba ta yi mini maganar ba sai da ta ji zancen masu gatari. Tana tankaɗe ta faɗa, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, kai da sahe kana hawa babur ka tai Illo. Ni ka wuni cikin garin ga. In ka sare itacen nan, ka maishe ni Sakkwato tun kahin su hwaɗi."

Na ce mata shanun ubana ne ake magana. Ta ce ta sani, ita ma ba ta ce in bar su su mutu ba, ta dai gaya mini inda za ta kasance.

Mutane daga baya sun riƙa cewa tausayi ya sa na bar itatuwan, har wani limami ya taɓa kawo ni misali a wa'azi, na ji kunya na sunkuyar da kai. Akwai tausayi a ciki, ba na musu, musamman idan na tuna itaciyar yarinyar da ba a haifa ba. Amma gaskiya auna abin na yi, kamar yadda nake auna magani. Na zo garin ne in zauna har mutuwa. Na ga zan iya samun wurin kiwo in rasa gari, ko in samu gari in rasa wurin kiwo, kuma wanda ya rasa gari a wuri irin wannan makiyayar ma ba za ta daɗe a hannunsa ba. Na zaɓi gari.

Muka tuge dirkoki, muka naɗe waya, muka mayar da ita lungun fakon nan na gabas inda babu kaɗanya ko ɗaya. Wurin ba zai ɗauki garke ba. Na ware 'yan shanun tatsa da maruƙansu, waɗanda zan iya yanko wa ciyawa, sauran na ce Dikko ya shirya ya ƙetara da su kamar kullum. Na haɗa masa magani da sirinji na koya masa yadda ake yi. Ya saurara da kyau, amma ni da shi mun san dajin ya fi ƙarfin abin da ke cikin jakar.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Garken bai ƙare a shekara ɗaya ba, a hankali ya riƙa raguwa, damina bayan damina, har ya zama abin da kuka tashi kuka gani a lungun fako. Na nemi wani filin, amma a lokacin masu kuɗi daga birni sun farga da ƙasar, wanda babu kaɗanya a cikinsa ya fi ƙarfina, wanda ke da ita kuma na riga na san darasinsa. Filin Zakari kuwa na riƙa noma shi dawa a tsakanin itatuwa, yadda kakan Zakari ya yi. Na ji kuna maganar wani mai son sayensa ya yi gonar zamani. Bayan raina ku sayar in kun ga dama, naku ne. Amma ku kai shi gindin itatuwan ku gaya masa da baki cewa ba sa ciki, don shi ma wataƙila baƙo ne.

Safiyar da Dikko zai tafi na fito in raka su. An yi ruwa, ƙasa ta yi laushi. Ya yi musu kira irin nasu, suka taso suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, suka ratsa ta inda waya take a da, suka nufi yamma wajen iyaka. Na san kowace da kamanninta, har da jikokin wata farar saniya da mahaifina yake ji da ita. Na tsaya ina kallo har ƙahoninsu suka shige cikin gamba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban kuma ɓoye wa kaina ba.

Matan suna ta tsinta a ƙarƙashin itatuwa, ba wadda ta ɗaga kai. Inna Zaliha tana kusa da ni, ta cika kwandonta har ya yi tozo. Na yi zaton za ta ce wani abu, ko sannu, ko Allah ya mayar da alheri. Ta naɗa gammo ta ɗora a ka, ta dube ni sama da ƙasa.

"Malamin shanu, kana tsaye ba ka aikin komi. Zo ka aza min."

Na sunkuya na kama kwandon, ya fi yadda na zata nauyi. Na ɗora mata, ta gyara shi da hannu ɗaya, ta bi hanyar da shanun suka bi.